Rabin Kitson Tsahara

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wagga takarda ta fito daga bakin mahaifiyarka, da hannun Malam Isa liman, zuwa gare ka a Bangi, inda anka ce mini kana zaune kana jiran abokan tafiya ku ƙetare ƙasar Ingilishi. Malam ne ya sa sunanka a bayanta. Ni dai ka san bakina bai taɓa faɗinsa ba, ɗan fari kake, kuma ba da tsufana zan fara rashin kunya ba. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina baƙunci? Allah ya sa ka sauka hannun mutanen kirki, ya tsare ka daga 'yan duwan masu tsaron iyaka da ɓarayin hanya da ruwan da bai karɓe ka ba. Rabi matarka tana gaishe ka. Ɗiyarka Tsahara tana ci tana sha, kada gabanka ya faɗi tun yanzu. Amma a kanta nake wagga magana, kuma doguwa ce. Ka nemi malami mai riƙon asiri ya karanta maka, ku sami inuwa ku zauna.

Ranar da ka tashi, ka durƙusa gabana ka ce cin rani za ka, da ruwan farko ya sauka za ka dawo ka yi shuka, ga Rabi da yarinya nan amana. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ƙara komai ba. To yau zan ƙara. Kada ka dawo. Kuma kada ka ƙetare sai iyalinka sun iske ka, domin ba zan riƙe maka su ba. Na san za ka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ruɗewa tana nan tafe, amma ba ta iso ba tukuna. Bari in jera maka wautar da ni uwarka na tafka a garin nan, in ka gama ji sai ka yi hukunci.

Kana yaro lokacin da garin nan yake gari, ka gani da ido amma ba ka san abin da kake gani ba. Ubanka, Allah ya jiƙansa, shi ne fatoma, duk baƙon kasuwa a zaurenmu yake sauke kaya. Buzaye su gangaro daga dutse da raƙuman gishiri, fataken Sakkwato su hauro da goro, kowa zare da farin saƙi yake nema. Masaƙa a jere tun daga gindin tsamiya har bakin rijiya, in suna aiki sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Kowace mace da mazari a hannu, ko gaisuwar mutuwa za ta. Kaza ma in ta ratsa tsakar gida da abduga take fita a ƙafa. Ni kuwa fura nake damawa, kafin rana ta take na kife ƙwarya. Samarin Galma da na Azarori nan suke zuwa neman aure, don a ce sun ɗauko ɗiyar garin zare. Wallahi mun ɗauka Allah ya rubuta kasuwar nan da sunanmu.

Wautata ta farko a gonar fadama na yi ta. Gero da dawa ubanka ke shukawa a cikinta tun gadon kakanku. Ni na hana shi sakat, safe da yamma, sai ya mayar da ita abduga kamar yadda kowa ke yi. Ya ce mini, "Ke, abduga fa ba ta shiga tukunya." Na ce, "Haba! Mai zare ai shi ke da hatsin kowa. Kai dai ka cika tsoro." Ya gaji da bakina ya bi. Shekarun farko na yi ta yi masa gori. Sai shekarar fara ta zo ta lashe hatsin ƙasa kaf, wanda ke da ɗan saura ya rufe rumbunsa ya ce ba na sayarwa ba ne. A daidai nan kuma akoko ya cika kanti a Madawa, yadin Nasara mai araha, mutane sunka daina tambayar saƙinmu. Ga lanho, harajin Nasara, shi ba ya jin an yi fara, kuma ba ya karɓar zare. Munka zauna muna kallon rumbu cike da abduga fari fat, muna dafa ganye. Ubanka bai taɓa tuna mini maganarsa ba har ya koma ga Allah, kuma shirun nan ya fi mini zagi zafi.

Don haka duk inda ka sauka, kowace irin sana'a ka iske tana ci, ka roƙi ɗan fili ka shuka abin da za ka sa a baki. In an yi maka dariya, ka bar su su yi. Ko matarka ce ta ce kai matsoraci ne, ka ce ka ji, ka ɗauki kalme ka tafi gona.

Kada ka yarda da masu cewa yunwa ce ta watsa garin nan. Yunwa mun san ta, kakanninmu sun sha ta sun zauna. Abin da ke korar mutum shi ne sana'arsa ta daina amsa shi. Masaƙi ya shimfiɗa kaya tun safe har la'asar, babu ko mai ɗagawa ya taya. Hanyar motar da mazanmu sunka fasa wa dutse da aikin dole, ashe ta can baya za ta bi ta bar mu, fatake sunka bi ta. Da masaƙa sunka fara zamewa, mahauci ya rasa wanda zai yanka wa. Da mahauci ya tafi, baduku ya rasa fata. Maƙeri ya bi, wanzami ya bi, har makaɗi ya rataya gangarsa ya bi, don babu bikin da zai buga. Kowa ya tafi ya ɗebe abincin wani ya tafi da shi. Ni kuma ina zaune a zaure ina yi musu habaici, ina cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kaico, na zaci ni ce mai hankalin garin.

Ka tuna Maidabo masaƙi da matarsa Kulu, masu gidan gindin tsamiya? Kulu bahaguwa, wadda ke yi wa mata kitso. Duk kan da ta taɓa ana gane shi, domin hannunta hagu yake murɗawa, kuma sai ta ɗaure bakin kowane kitso da baƙin zare. Aminiyata ce, tare anka kawo mu garin nan. Su ne na farko da sunka tashi a unguwarmu. Da hantsi ta shigo mini da jakinsu a ɗaure a waje, ta miƙo mini sandan da suke tokare ƙofa.

Ta ce, "Ga gida nan, ki riƙa leƙa mini. Rani kawai za mu ci."

Na ce, "Kulu, dube ni. Za ku dawo?"

Ta kau da kai ta ce, "Yo ina za mu in ba mu dawo ba? Ga turmina can ko kifewa ban yi ba."

Na san ƙarya take, ita ma ta san na sani, amma na karɓi sandan. Wautata ta biyu ke nan. Iyayenmu suna da yadda suke barin gida. Wanda zai tashi ba dawowa yakan ɗage duwatsun murhu ya watsar, ya cire asabarin ƙofa, ya kife turmi, ya bi maƙwabta ya nemi gafara. Sai gidan ya zama kango, kowa ya san kango ne, na gani da na ɓoye. To mutanenmu babu wanda ya yi haka. Wani kunya ta hana shi, wani tsoron kada mai gari ya gane ya sa a bi shi. Kowa sai ya bar murhu a girke, ƙofa a ɗaure, ya ce cin rani. Kuma da yake ni ce matar fatoma, ni ake kawo wa amana. Kafin in farga, bayan ɗakina ya cika da sandunan ƙofofin mutane.

Kai ma abin da ka yi ke nan, kuma ban ga laifinka ba, a wurinmu ka koya. Amma daga yau, in za ka bar wuri, ka bar shi da baki ɗaya. Ka yi sallama ta gaskiya ko da za a yi kuka. Kuma kada ka karɓi amanar abin da ka san mai shi ba zai waiwaye shi ba. Ba taimakonsa ka yi ba, kanka ka ɗaure.

Ta ukun ita ce babba, kuma ka san ta, gari duk ya san ta, amma ba ka san ƙarshenta ba. Ubanka ya taɓa gaya mini cewa ayari in ya iso bakin dutse, madugu yakan tsaya ya leƙo kwari ya duba hayaƙin safe. In ya ga hayaƙi na tashi ko'ina, ya san akwai bakunan da za su ci gishiri, sai ya gangaro. In ya ga ɗai-ɗai, sai ya ja raƙumansa ya wuce. Bayan rasuwar ubanka, da na ga ayari biyu sun wuce mu ta sama ko leƙowa ba su yi ba, sai na tara tsofaffin mata na kawo musu dabara. Munka raba gidajen da babu kowa. Kowace safiya mu ɗebi garwashi a kasko, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu hura wuta a murhunsu da ɗanyen kara da kashin shanu don hayaƙi ya yi kauri. Mu share ƙofar gida. Mu zuba ƙaiƙayi a turmi mu yi ta lugude, sauti ya hau dutse. Mai gari ya ji ya sa mini albarka. Ni kuwa har wani taƙama nake, wai na ceci gari.

Dabara ta ci sau ɗaya. Agali, madugun Buzaye, tsohon baƙon ubanka, ya gangaro da ayarinsa. Na fito da gudu da ƙwaryar ruwa, zuciyata fari ƙal. Ya sha, ya gode, amma bai ce a durƙusar da raƙumi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana juya kai cikin rawaninsa yana shaƙar iska.

Ya ce, "Uwar masauki, hayaƙinku babu ƙamshin tuwo."

Na ce, "Ai ba a ɗora ba tukuna."

Ya ce, "Tun daga bakin gari kare bai yi mini haushi ba. Ban taka kashin akuya sabo ba. Ina mutane?"

Na ce, "Suna gona."

Ya ce, "Da rani?"

Na miƙa hannu na karɓi ƙwaryata. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, tausayi ne ma, kuma shi ya fi ba ni haushi. Sannan ya ce, "A wurinmu, wanda ya hura wuta a zangon da babu kowa ya kira baƙi ke nan. Kuma irin waɗannan baƙin ba su san ban kwana ba. Ki kashe wutar nan." Ya ja akala ya hau dutse, ban sake ganinsa ba. Na bi bayansa da tsaki, na ce ji Buzu da camfi.

Ashe ba madugu kaɗai ke da ido ba. Gardi-sarki, dogarin da kwamandan Nasara ke aikowa, shi ma ta bakin dutsen yake biyowa, shi ma hayaƙi yake gani. Duk lokacin da mai gari ya yi kukan cewa mutanensa sun ragu, sai a ce ƙarya yake, an ga garinsa na hayaƙi. Don haka yawan mazan da ake nema aikin hanya bai ragu ba, lanho bai ragu ba, sai ku 'yan tsirarun da kunka saura kuka riƙa ɗaukar na waɗanda sunka gudu. Kana dawowa daga fasa dutse, kafin tafin hannunka ya warke an sake kiranka. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, ku ya doka. Samarin da yunwa ba ta kora ba, hayaƙina ya kore su. Yanzu ga raɗe-raɗin Nasara za su yi yaƙi, ana neman masu ƙarfi a kai soja, kai ma ka bi sahun masu gudu.

Ka riƙe wannan. In abu ya mutu a hannunka, sana'a ce ko kasuwa ko abota, ka ce ya mutu. Kada ka shafa masa mai ka zaunar da shi a zaure don mutane su gani. Mai saye ba zai ruɗu ba, mai karɓar lanho ne zai gode maka.

Mun daina hura wutar tun bara waccan. Tsofaffin da muke yi tare, wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun aiko an ɗauke su. Ga abin da ban taɓa gaya maka ba, don kada ka ce na haukace. Mu mun daina, amma hayaƙi bai daina ba.

Ba da safe yake tashi ba, sai rana ta take, lokacin da kowa ya shige inuwa, gari ya yi tsit ko tsuntsu ba ka ji. A gidan Kulu na fara ganinsa, siriri, a miƙe sak kamar an ja zare. Na ce ko garwashi ne wani ya yar. Na ɗauki sandana na je. Ƙofa a ɗaure yadda na bar ta. Na yi sallama na shiga. Murhu babu wuta, babu ko itace, amma da na sa tafin hannu a kan dutsen sai na ji shi da ɗumi, ba ɗumin rana ba, domin rumfa ta rufe shi. Tsakar gida kuwa a share tas, ga zanen tsintsiya sabo, kuma babu sawun kowa sai nawa.

Nan Malam ya ajiye alƙalami ya ce in bar wagga magana, wai Fulani ne masu kiwo ke fakewa a kangaye. Na ce Malam, rubuta, tawada ce taka, baki nawa ne. Wane makiyayi ne zai share gidan wani ya fita ta sama ya bar ƙofa a ɗaure? Ya ce Allah shi ne masani. Na ce a nan mun daidaita.

Daga baya daka ta fara. Da tsakar rana sai ka ji taɓarya, dum, dum, a hankali, irin dakan wanda ba ya sauri don babu mai jiran abincin. In ka nufi wajen sai ta koma wani gida. In ka yi sallama sai ta tsaya cak, kana juya baya ta ci gaba. Kai kana wajen aikin hanya ko kana daji, ba ka zama gari da rana, shi ya sa ba ka ji ba. Mu da ke zaune kowa ya ji, kuma babu mai ɗaga zancen. In mun haɗu a rijiya sai mu yi maganar zafi.

Sai wata rana ina zaune a rumfa ina tsince wake, barci na ɗan fizgata, na ji an ce daga bayan darni, "Salamu alaikum, masu gida." Muryar Kulu ce, da 'yar shaƙewar nan tata. Kafin hankalina ya dawo bakina ya riga ni, na ce, "Maraba, shigo mana!" Sannan na tuna cewa tun damina wani mai jaki ya kawo labarin Kulu ta rasu can wajen Sakkwato, har mun yi mata sadaka. Na leƙa, babu kowa, sai zafin rana yana rawa a kan hanya. Wallahi ban taɓa jin sanyi irin na ran nan ba. Wautata ta ƙarshe ke nan, kuma ita ba a gyara ta, domin na riga na ce a shigo. Kai dai ko a ina kake, in an yi maka sallama da rana tsaka daga inda ba ka ganin mutum, kada ka amsa sai ka ga ƙafafunsa a ƙasa. In mutum ne, zai yi haƙuri ya sake.

Yanzu na zo kan Tsahara. Tun da ka tafi, Rabi ce ke zuwa itace da rijiya, ni nake zama da yarinya, ƙafafuna kuwa ka san yadda suke. Ran nan bayan azahar na farka ban gan ta ba. Na yi kira, na yi kira. Ina shirin fita sai ga ta ta shigo tana tsalle, tana dafe kai.

Ta ce, "Kaka, dubi! Na yi kyau?"

Na duba. An tsefe mata kai an yi mata kitso, rabi kawai, ɓangaren dama, ɗayan ɓangaren a tsefe. Kitso ƙanana masu kyau, irin wanda babu mai iya shi a garin nan yau. Kowane ɗaya hagu ya murɗa. Kowane ɗaya an ɗaure bakinsa da baƙin zare.

Na daure na ce, "Ƙawata, wa ya yi miki?"

Ta ce, "Inna ta gidan tsamiya. Ta ce ita ƙawarki ce. Ta ce rana ta yi sanyi, in dawo gobe ta ida mini."

Ka sani sarai Kulu ta bar garin nan kafin a haifi yarinyar nan. Ba ta taɓa ganinta ba, ban taɓa ambata mata ita ba. Na ce, "Ita kaɗai ce a gidan?" Ta ce, "A'a, da mutane da yawa, suna zaune a inuwa. Ba su magana. Sun ce in an gama kitson zan zauna da su." Na ce, "Kin ce ba su magana." Ta ce, "Ai ba da baki sunka faɗa ba."

Rabi ta dawo ta gani, ta yar da itace ta ɗora hannu a kai. Munka zaunar da yarinya mu tsefe, kitso ya ƙi. Na yi da tsinke, na yi da haƙori, zaren nan ko motsi. Wanzami babu a gari, sai na ɗauko tsohuwar askar ubanka na wasa, na aske kan tas da hannuna. Malam ya zo ya yi addu'a, ya ba da rubutu ta sha, ya tafi da gashin ya binne inda shi kaɗai ya sani. Yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma ba zafin aska take yi wa ba. Cewa take, "Inna za ta yi fushi, ta ce kada in bari a taɓa." In ka gan ta da kai a aske da 'yan yanka biyu a ƙeya, kada ka yi wa Rabi faɗa, aikina ne.

Washegari Rabi ba ta fita ba. Tun hantsi munka shige ɗaki munka ja asabari, yarinya a cinyata. Rana na takewa daka ta fara, ba can gindin tsamiya ba, a gidan da ke jingine da namu. Sai ta tsaya. Sai sallama daga bayan darni, a hankali, babu fushi a cikinta. Aka sake. Aka sake. Na dubi Rabi, na ga hawaye na zuba a fuskarta, na san ba kunnena ne kaɗai ba. Tsahara ta ɗaga kai da murna ta buɗe baki za ta amsa, na toshe shi da tafin hannuna. Ta cije ni har jini, ban saki ba. Haka munka zauna har inuwa ta juya gabas, sannan anka yi shiru. Tun ran nan kullum haka muke yi. Ni tsohuwa ce, watarana barci zai sace ni, ko hannuna ya yi sanyi. Ba zan zauna ina jiran ranar ba.

Ga abin da na shirya. Bello Bafulatani, wanda ya taɓa riƙe wa ubanka shanu, zai gangara kudu da garkensa ta wajen Bangi. Na roƙe shi da girman gishirin da ya ci a gidan nan, ya yarda Rabi da Tsahara su shiga cikin matansa, su ɗaura irin zanensu. Babu mai tsayar da matan Fulani ya tambaye su ina za su. Takardar nan za ta riga su da mai jakin da zai kawo maka ita. Ka zauna a Bangi har su iso, ko abokan tafiyarka sun gaji sun wuce. Na riga na ɗage duwatsun murhun Rabi na watsar, na cire asabarin ɗakinku, na kife turminta. Ta bi 'yan gidajen da sunka saura ta nemi gafara a asirce. Ba ku da sauran komai a nan da zai kira ku.

Kada ka ce in biyo su. Ƙafafuna ba su kai ni rijiya, balle Bangi. Kuma in an ga gidan fatoma a buɗe babu kowa, kafin yamma labari ya kai bariki, a bi sawunku. In ina nan ina tari a zaure, za a ɗauka kuna ciki ko kuna daji, har ku yi nisa. Ban da haka, ni na ce a shigo, ni ya kamata a iske. Malam yana nan, ya ce ba zai tashi ba muddin akwai wanda zai yi wa salla in ya mutu. Kada ka damu da abincina, abin da tsohuwa ke ci bai kai na kaza ba.

Ka riƙe Rabi da kyau, ta ga abin da ya fi ƙarfin shekarunta kuma ba ta gudu ta bar ni ba. Kada ka sauka a garin da gidaje sunka fi mutane yawa, ko kyauta anka ba ka ɗaki. Ka nemi inda yara ke hana mutane barcin rana da surutu. Ka riƙe salla. Kada a yi wa yarinya kitso sai gashinta ya fito sosai, kuma uwarta ta yi mata, a gabanka.

Saura abu ɗaya, shi ya fi mini nauyi. Tsahara ta ce ba ta zuwa ko'ina sai da ni. Ta riƙe zanena tun jiya, ko bayan gida na nufa tana biye. Don ta yarda ta hau takarkarin Bello, na ce mata su yi gaba, ina nan tafe in na gama tattara kaya. Ni da na gama yi maka wa'azin sallamar gaskiya, na kasa yi wa 'yar ƙaramar yarinya. Za ta riƙa fita bakin hanya tana duba ni. Kada ka ce mata gobe, kada ka ce da damina. Da kun ƙetare kun sauke kaya, ka ɗora ta a cinya ka gaya mata Kaka ba ta zuwa, kuma ba za a koma ba. Za ta yi kuka, za ta ce na yi mata ƙarya, ta yi fushi da ni. Ka bar ta ta yi, kada ka wanke ni. Yaron da ke fushi ba ya neman hanyar komawa.

Allah ya haɗa ku lafiya, ya raba ku da sharrin abin da ake gani da wanda ba a gani. Allah ya ba ka gona mai albarka da maƙwabta masu motsi. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Malam yana gaishe ka. Ita kuma ƙawata Tsahara, Allah ya raya ta, ya sa ta manta hanyar garin nan, ko da za ta haɗa da ni ta manta.

Wassalam, daga mahaifiyarka.